Kwakwa Ta Huɗu A Gidan Hedimasta

SHAFI NA 19

Na ga zagin da kuka yi mini a ƙarƙashin shafin jiya, kuma ban goge ko ɗaya ba. Wadda ta rubuta cewa "Sefako, bulo ne a ƙirjinki", 'yar'uwa, ban ji haushinki ba. A ranar da nake ba ku labarinta haka nake. Ku dai bar ni in ƙarasa.

Mun tsaya a safiyar Laraba. Kayan tsohuwa Tasi Kayi na zube a tsakar gida inda na sa magina suka fito da su, ita kuma ta ƙi fitowa daga ɗakin baya.

Jumma'a zan miƙa makulli ga Dakta Agbeko, wanda na sayar wa gidan. Takardar da muka sa wa hannu gaban lauya a Lome ta faɗi abu biyu ƙarara: a sare duk kwakwar da ke tsakar gida, don ya ce ba zai baro Jamus ya zo kwakwa ta fasa masa gilashin mota ba, sannan a rushe ɗakin baya. Wata takwas na yi ina fama da gidan nan tun da na saye shi daga hannun 'ya'yan marigayi Hedimasta Anani. Na fasa ginshiƙai na cire rodin da gishirin teku ya cinye, na sauya kwano, na sa tagogin alminiyam, na yi fenti hawa uku. Tun da aka jibge duwatsu a bakin ruwa, teku ya daina cin garin nan na Agbodrafo, duk wanda ke Turai ya tuna yana da gari. Irin wannan cinikin ba a wasa da shi.

Saura kwana biyu, kuma abin da ya tsaya mini a wuya bishiya ɗaya ce da tsohuwa ɗaya.

Uku sun faɗi tun Litinin, babu gardama. Efo Senyo, babban ɗan Hedimasta, ya zo da ƙannensa biyu. Tsoho Tete mai saran itace ya zuba ruwan garin masara a gindin kowace, sannan kowannensu ya karɓi adda ya yi saran farko a kan wadda cibiyarsa ke binne a ƙarƙashinta, ya ce ya sallami gidan. Daga nan Tete ya ƙarasa. Ƙanwarsa Akpene da ta zo daga Faransa ta yi ɗan kuka, ta ɗauki hoto, shi ke nan.

Ta huɗun tana can gefe, jikin ɗakin baya, ta fi sauran tsawo nesa ba kusa ba. Senyo ya ce shi tun da ya buɗe ido yake ganinta, ba ta kowa ba ce, da kanta ta fito.

Tete ya ce shi ba zai taɓa ta ba.

Da safiyar Larabar na same shi zaune a kan kututturen ta Senyo, yana wasa addarsa da dutse kamar wanda ba shi da wani aiki a duniya.

"Efo Tete, yau ma kallonta za mu yi?"

"Madam, a kawo mai ita."

"An ce maka ba ta da mai ita."

"Wa ya ce?"

"Ɗan mai gidan."

"Senyo?" Ya tofar da asuwakin da ke bakinsa. "Ina hawa bishiyar nan ina tsinko 'ya'ya Senyo bai san hanyar duniya ba."

Na ce to tunda ya san komai ya faɗa mini sunan mai ita, in ɗauki acaɓa in je in ɗauko shi ko a Kotonu yake. Sai ya ce ba a bakinsa maganar take ba. Na ce zan ninka masa ladansa. Ya dube ni kamar na zage shi, ya ci gaba da wasa adda.

Raina ya ɓaci, ba kaɗan ba. Ni mutum ce da ba na son a ɓata mini lokaci, kuma ba na son a mayar da ni baƙuwa a wurin da na saya da guminna.

Na kira Atsu, shugaban maginana. Na ce su hau su ɗaura igiya a wuyanta, su karkata ta wajen ɗakin baya. In ta faɗi ta faɗa kan ɗakin, mu huta da aikin rusau. Atsu ya ce dabara ce mai kyau. Ni ma a lokacin na ji daɗin kaina. Na ce ya buga wa Senyo waya ya taho mana da mai inji daga Kpeme, tunda masu adda sun zama limamai.

"Tsohuwar fa, Madam?" in ji Atsu.

"Ni zan fitar da ita. Ku je ku ci wakenku a bakin titi. Zan sa ta a motar haya in kai ta wurin danginta a Aneho. In kun dawo kuka ga ƙofar a rufe, mun tafi, ku ci gaba da aiki. Kada wanda ya kira ni."

Ku riƙe wannan maganar. Da bakina na faɗe ta.

Suka ɗaura igiyar, suka fita. Ya rage daga ni sai Tete, sai ƙarar teku.

Ban san abin da ya hau kaina ba. Na fizge addar daga hannunsa.

"Kana neman mai ita ko? Gida nawa, ƙasa tawa, takarda tawa. To ga mai ita."

Na ɗaga na sara.

Addar ta shige ta maƙale, har na ji girgizar a kafaɗata. A daidai nan aka yi wata ƙara daga ɗakin baya. Gajeriya ce, sau ɗaya, irin ta wanda aka taka wa ciwo.

Tete ya tashi a hankali. Ya zare addarsa daga jikin bishiyar, ya goge ta da gefen zanensa. Idanunsa sun cika da ruwa. Tsohon da na taɓa gani ƙusa ta huda masa ƙafa bai ce uffan ba.

"Shiga," ya ce. "Ke ake kira."

Ya saɓa addarsa ya fice daga gidan, ko ladan kwana uku bai tsaya karɓa ba.

Na shiga da niyyar in sauke mata duk abin da ke raina.

Ɗakin wayam. Babu komai sai tabarmar da take zaune a kai da wata 'yar kujerar katako. A bango ana ganin inda gicciye ya daɗe a rataye, wurin ya fi sauran haske. Sandarta ma magina sun haɗa da kaya sun fitar. Ta miƙe kumburarrun ƙafafunta, hannu ɗaya dafe da ƙirji.

Tasi Kayi ƙanwar Hedimasta ce. 'Ya'yansa ke kiranta Tasi, wato gwaggo, kowa a unguwa ya bi su, har ni. Ba ta taɓa aure ba. A ɗakin nan ta tsufa tana bandar kifi, tana rainon 'ya'yan wanta.

"Madam, rufe ƙofar."

"Ba zama na zo yi ba, Tasi."

"Rufe. Abin da zan faɗa ba na iska ba ne."

Na tura ƙofar da ƙafa.

"Kin sare ta?"

"Na sara."

"Da hannunki?"

"Da na wa zan sara?"

Ta gyaɗa kai, ta daɗe tana gyaɗawa.

"To, an yi yadda ake yi," ta ce. "Mai ita ce ta fara."

Dariya na yi. Ina faɗa muku gaskiya, dariya na yi har da tafa hannu.

Na ce mata shekara goma sha shida ina sayen tsofaffin gidaje a bakin tekun nan, babu irin abin da ban ji ba ranar tashi. A Baguida wani ya rantse kakansa na kwance ƙarƙashin falo, muka haƙa muka tarar da tayar tarakta. Wata ta yi mini farfaɗiyar ƙarya a bakin ƙofa. Wani ya rataya mini mataccen zakara a jikin mota. Amma wanda zai ce shi ya haife ni don kada a rushe masa ɗaki, yau na fara gani.

Ba ta yi fushi ba. Ta bari na gama.

"Massan ta taɓa bari kin kira ta Dada?"

Na daina dariya.

Davi Massan ita ta raine ni, a bayan babbar kasuwar Lome, cikin kwandunan kifi. Ta ciyar da ni, ta sa ni makaranta, ta dake ni inda ya kamata. Amma ranar da na kira ta Dada, kamar yadda sauran yara ke kiran iyayensu mata, ta ajiye wuƙar da ke hannunta ta ce kada in sake. Ta ce ita Davi ce, wato yaya, wannan sunan yana da mai shi. Da na tambayi ina mai shi, sai ta ce ta mutu a ƙauye. Na girma ban taɓa kiran kowa da shi ba.

Na daure na ce, "Kowa a kasuwa ya san Davi Massan ce ta raine ni. Tambaya kika yi."

"Buhun fa? Shi ma kowa ya sani?"

"Wane buhu?"

"Duk wata uku. Direban Aneho ke sauke shi. Kwakwa ce, an ɓare su an bar wa kowace tukku, an ɗaure su bibbiyu."

Na nemi kujerar nan na zauna.

Jama'a, na san buhun. Davi Massan takan leƙo ta ce, "Sefako, kwakwarki ta zo." Macen da ko ƙayar kifi ba ta zubarwa in za ta sayu, amma ba ta taɓa sayar da ko ɗaya daga cikin kwakwar nan ba. 'Ya'yanta ma sai sun roƙe ni. Ni nake sha, ni nake ci, da man ake shafe mini jiki. Na ɗauka wata abokiyar cinikinta ce ke aikowa, ita kuma take lallashina da shi don ni marainiya ce. Buhun bai daina zuwa ba sai shekarar da Davi Massan ta rasu, ina da ciki na biyu. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina dalili ba.

"Tete ke hawa," in ji ta. "Ni nake ɓarewa. Abin da bishiyar mutum ta haifa nasa ne. Ko ɗaya ban taɓa sa wa a bakina ba."

Sai ta fara ba ni labari, idonta a kan bango, murya ƙasa-ƙasa kamar tana karanta wasiƙar wani.

Tana da shekara goma sha tara. Masunta suka zo daga wajen Keta lokacin kifi, suka kafa bukkoki a rairayi. A cikinsu akwai wani mai suna Kudzo, mai yawan dariya. Ya yi alkawarin dawowa da mutanensu da kwalaben gaisuwa. Kafin cikinta ya fito, kwalekwalensu ya kife a bakin kogi, gawarsa ma ba a samu ba.

Wanta kuwa a shekarar aka ba shi hedimasta, kuma shi ke karatu a coci ranar Lahadi. Ya kulle ta a ɗakin nan wata biyar, ya ce wa mutane tana ciwon ƙirji. A nan ta haihu, ranar wata Alhamis, a inda tabarmar take. Ya ba ta kwana takwas. Ran na takwas Massan ta zo daga Lome da zane a kafaɗa, ta goya jaririya ta tafi. Ya sa ta dafa Littafi ta rantse ba za ta buɗe baki ba muddin yana numfashi.

"Abu biyu kawai na samu na yi miki," ta ce. "Na raɗa miki suna. Kuma cibiyarki ta faɗi ran na shida, na ɓoye ta a bakin zanena."

Bayan an tafi da ni, ta haƙa rami da hannunta a jikin bangon ɗaki, ta binne cibiyar. Tete, yana saurayi a lokacin, shi ya kawo mata kwakwa mai tsiro. Hedimasta ya gani da safe. Ya tsaya a kanta ya daɗe. Duk tsoron bakin mutane da yake yi, bai iya tuge ta ba. Ya juya ya tafi makaranta, kuma har ya mutu bai taɓa shan inuwarta ba.

Na so in yi kuka, abin da ya zo mini fushi ne.

"Hedimasta ya shekara biyu a ƙasa, Tasi."

"Haka ne."

"Rantsuwarki ta ƙare tun ranar."

"Ta ƙare."

"Wata takwas ina shiga gidan nan ina fita. Wata takwas! Kina kallona, kina ce mini Madam."

"Ke ma kina ce mini Tasi."

"Don ban sani ba!"

Sannan ta ce da aka tashi sayar da gidan, 'ya'yan wanta sun samu masu saye har huɗu, biyu sun fi ni tayi. Amma filin na ubansu ne ita da Hedimasta, ba a sayarwa sai ta dangwala yatsa. Ta ce ba za ta dangwala ba sai in matar nan ta Baguida mai gyaran gidaje za a sayar wa. Senyo ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce tsufa ne. Ta kafe.

Ni kuwa na yi ta yawo ina faɗa wa abokan sana'a cewa na iya ciniki, na kayar da manya.

"Na ce in kika sayi gidan dole ki riƙa zuwa," in ji ta. "Na ce zan gan ki kullum. Ran da na ga fuskarki a sake sai in faɗa miki."

"Sai me ya hana?"

"Kullum kina sauri. Waya a kunne, awo a hannu. Ran farko kin shigo ɗakin nan kin buga bango da makulli, kin ce wa Atsu wannan ba ɗaki ba ne, akurki ne. Ina zaune a nan. Ba ki gaishe ni ba sai da za ki fita."

Na tuna. Na so a ce ban tuna ba.

"Ran nan na yi miki tuwon masara da miyar lalo da kaguwa. Tun asuba na aika bakin ruwa. Kin ce kin gode, kin miƙa wa magina."

"Ban san..."

"Ban ce kin yi laifi ba. Na ga mace ta tsaya da ƙafarta, maza na rawar jiki in ta yi magana. Sai na ce me zan ƙara mata? In ce ga uwarki, tsohuwa mai warin hayaƙi, wadda ta miƙa ki kina kwana takwas? Tsoro na ji, Sefako."

Karo na farko ke nan da ta kira sunana. Ta faɗe shi a hankali, kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya.

Na ce me ya sa ba ta gudu da ni ba. Na ce akwai mota, akwai Ghana, akwai duniya. Na faɗi maganganu masu zafi waɗanda ba zan rubuta a nan ba. Ta karɓe su duka ba ta kare kanta ba. Abin da ta ce kawai shi ne ba ta da ko sisi a lokacin, ba ta taɓa wuce Aneho ba, kuma ta yi ta faɗa wa kanta gobe, har goben ta zama shekara arba'in da uku.

"Yanzu me kike so?" na ce. "In yaga takardar Dakta? In ce masa ga kuɗinka, na samu uwa?"

"A'a."

"To me?"

"Ban faɗa don ki bar ni a ɗakin ba. Kin saya, naki ne, zan tafi Aneho. Da a ce Tete ya sare ta, ko mai inji, da na tafi da bakina a rufe, in ce ba ki sani ba, ba ki yarda ba. Amma kin ji abin da su Senyo suka faɗa da suka yi saran farko."

Na ji. Cewa suka yi: na sallami gidan nan, ba ni da sauran komai a cikinsa.

"Da hannunki kika faɗa," ta ce. "Ba zan bari ki faɗi irin wannan magana ba ki san da wa kike yi ba."

Ban iya ɗaga kai ba.

Ta ce abu biyu take roƙo. Kafin su zuba siminti, in ɗebi ƙasar gindin bishiyar ko cikin gwangwani ne in tafi da ita gidana. Na biyu, akwai wani tsohon bokiti a cikin kayanta, da kwakwa mai tsiro a ciki.

Na san bokitin. Ni na ce a jefar da shi bayan katanga, Atsu ya manta.

"Na ji kina waya da 'yarki," in ji ta. "Dzifa ko? Kin ce wata mai zuwa za ta sauka. 'Yar bishiyarki ce na tsirar mata. In cibiyar jaririn ta faɗi, kada ku jefa a shara irin na mutanen birni."

Ashe duk wayar da nake yi a tsakar gida, ina zagin masu siminti, ina faɗa da mai tayil, ina tambayar Dzifa ko ƙafarta ta daina kumbura, akwai mai tsintar maganata ɗaya-ɗaya ta bayan wannan ƙofar.

Na dubi ƙafafunta. Na dubi yatsunta, gajeru masu faɗin farce. Na dubi nawa.

Kaina ya shiga lissafin abin da zan ce wa Dakta. Ko in roƙe shi ya bar bishiya ɗaya, in gina masa rumfar mota a ɗaya gefen da kuɗina. Ko in ce ɗakin baya zai yi masa ɗakin ajiya. Na san ba zai yarda ba, mutum ne mai bin takarda layi-layi. Na san kuma in cinikin nan ya rushe, sunana ya rushe a wurin duk 'yan Turai masu neman gida. Duk wannan yana yawo a kaina, amma bakina ya kasa furta mata kalma ɗaya mai taushi.

"Ki ce wani abu," in ji ta. "Ko zagi ne, ƙara."

Na buɗe baki.

Sai na ji ƙarar inji.

Da farko ban kula ba. Unguwar nan yanzu ko'ina gini ake yi, daga safe zuwa yamma ana yanka ana fasa. Na ɗauka gidan wani ɗan Lebanon da ke bayanmu ne. Sai da na ji bangon da na jingina da shi yana rawa a bayana, ƙasa na zubo mini a wuya daga saman kwano.

Tasi ta ɗaga ido sama.

Maganata ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Ku karkata ta wajen ɗakin. In kun ga ƙofar a rufe, mun tafi. Kada wanda ya kira ni.

Na yi tsalle na fizge ƙofar.

Senyo na can bakin ƙofar gida ya juya baya, ya toshe kunne ɗaya yana waya. Mai injin, wani ƙato da ban taɓa gani ba, ya duƙa a gindin bishiyar ta ɗaya gefen, ya ɗaure kunnuwansa da tsumma. Ya riga ya yanke mata baki ta wajenmu don ta faɗo nan, daidai kan saran da na yi. Atsu da mutum uku sun zagaya da igiyar ta bayan ɗakin, ina jin muryarsu suna ba juna baki, ba na ganinsu, ba sa ganina.

"Ku tsaya!"

Ko ni ban ji muryata ba. Inji na kuka, teku na bugun duwatsu.

"Atsu! Akwai mutum!"

Na ɗaga kai. Ganyenta ya rufe mini rana. Tana tahowa a hankali, 'ya'yanta na karo da juna a sama. Ɗaya ta tsinke ta faɗo kan kwanon, ta huda shi.

Tsakar gida na gabana a buɗe. Taku biyar, na tsira. Ga kayanta can a zube, ga sandarta a kan ƙullin zannuwa, ga bokitin da ɗan koren tsiro.

Na waiwaya. Tana ƙoƙarin tashi, ta dafa bango, ƙafafun sun ƙi. Ta daina ƙoƙarin. Ta dube ni, ta kaɗa mini hannu kamar mai korar kaza.

"Fita. Sefako, fita!"

Gindin bishiyar ya yi wata ƙara, ƙaƙaƙas.

Na juya na koma ciki, na durƙusa a gabanta na ba ta bayana.

"Dada, hau."